Allon Zayyana da Karatun Zane Marar Siffa

Sau da yawa idan aka nuna wa mutum zanen da babu mutum ko dabba ko itaciya a cikinsa, sai ya tambaya: «Mene ne wannan?» Tambayar na ɗauke da hukunci, wato zanen da bai yi kama da wani abu ba, ɓarnar fenti ne. Amma a ƙasar Kurfai ido ya daɗe da sabawa da irin wannan fasaha. A dubi allon zayyana da ake yi wa almajiri ranar saukar Alƙur'ani: murabba'i cikin murabba'i, layuka masu sarƙa, ja da rawaya da kore cikin iyakar baƙar tawada. Babu siffar mai rai a ciki, kuma ba wanda ke cewa bai nuna komi ba. Daidaiton sassansa shi ke faɗin cewa karatu ya kammala.

A Turai, Kandinsky ya wallafa littafinsa kan ruhin fasaha a ƙarshen 1911, inda ya kwatanta rawaya da ƙarar ƙaho, ya danganta shuɗi da sama da natsuwa. Ya yi gaskiya cewa launi na taɓa zuciya kafin hankali ya ba shi suna. Kurensa shi ne zaton kowane launi yana da ma'ana guda ga dukan ƴan Adam. Ja a idon makiyayin Tukunus launin saniyar Azawak ne, wato arziki. A idon manomin Dallol Boso, launin duwatsun da ke tsaye bisa Filinge ne. Ga wanda ya san tarihin Hauka, da ya ɓullo a wannan yanki wajen 1925, jan ƙyalle na tuna ikon Nasara. Ashe ma'anar launi tana fitowa daga mazauninsa: abin da ke kusa da shi, faɗin filin da ya ci, da tarihin mai kallo.

Saboda haka malamin da ke auna zanen ɗalibi da kamanni kawai yana rufe masa ƙofar da kakanninsa suka buɗe. Gara a kawo allo da faifai da ƙwarya mai zane cikin aji, a tambayi yara ina ido ya fara sauka, wane launi ya danne wani, wane layi ya riƙe sauran. Ƙungiyoyin al'adu kuma su nemi masu zayyana su yi bayani da bakinsu, tun takardar bugu ba ta maye gurbin hannunsu ba.