Lasifika da Makomar Kalma a Dandalin Waƙa

Gabatarwa

Manazarta waƙar baka sun daɗe suna duba jigo da salo da zubi da tsari, amma ba kasafai suke waiwayar na'urorin da ke tsakanin bakin mawaƙi da kunnen mai sauraro ba. Alhali kuwa a yau da wuya a yi taron waƙa, na biki ko na sarauta ko na siyasa, ba tare da makirfo da lasifika ba. Wannan ɗan tsokaci zai duba yadda waɗannan na'urori suka shafi aiwatar da waƙa. Ra'ayin da za a kare shi ne, waƙar Bahaushe kalma ce kafin ta zama amo, don haka duk na'urar da ta ƙara ƙarfin amo ta binne kalma, to, ta yi wa waƙa ɓarna.

Kafin Zuwan Na'ura

A zamanin da babu lantarki, iyakar taro ita ce iyakar inda murya ke kaiwa. Makaɗan fada irin su Ibrahim Narambaɗa da Salihu Jankiɗi suna da dabarun isar da saƙo. 'Yan amshi sukan karɓi ɗan waƙa daga bakin jagora su maimaita shi da muryoyi da yawa, ta yadda wanda bai ji a karon farko ba zai ji a na biyu. Sanƙira kuma yakan ɗaga murya ya bayyana wanda ake yabo da asalinsa da kyautar da ya bayar. Su kuwa masu kotso ko taushi ko kalangu, sukan sassauta hannu idan jagora ya fara magana, su saki kiɗa idan ya numfasa. Ke nan daidaita sauti yana hannun ƙungiyar kanta, kuma ladabi ne da yaro ke koyo tun yana ɗaukar kayan kiɗa.

Abin da Na'ura ta Kawo

Irin lasifikar da aka fi amfani da ita a yau ta samo asali daga aikin Chester Rice da Edward Kellogg na kamfanin General Electric a Amurka, a shekarar 1925. Tsarin aikin a taƙaice shi ne: makirfo ya mayar da murya siginar lantarki mai rauni, na'urar haɗa sauti, wadda ma'aikata ke kira miksa, ta tsara rabon kowace murya da kowane abin kiɗa, amfilifaya ta ƙara wa siginar ƙarfi, lasifika ta mayar da ita sauti.

Ba shakka an ci riba. Kuntigin Ɗanmaraya Jos, wanda ya rasu a 2015, tsirkiya ɗaya gare shi, kuma amonsa ba ya wuce zaure. Makirfo ne ya ba shi damar tsayawa shi kaɗai a gaban dubban mutane, ba 'yan amshi, a ji kiɗansa a ji maganarsa. Haka nan masu goge da kukuma da gurmi. Maƙwabtanmu Yarabawa ma sun ga irin wannan. Bayan Yaƙin Duniya na Biyu, samuwar amfilifaya ce ta ba makaɗan juju damar shigo da gangan, ɗan'uwan kalangu, cikin kiɗansu ba tare da ya danne muryar mawaƙi ba.

A ƙasashen Turai kuwa, tsananin buƙata ce ta bunƙasa sana'ar. A watan Agusta na 1965 ƙungiyar Beatles ta yi wasa a filin Shea da ke New York a gaban mutum fiye da 55,000. Na'urorinsu sun kasa rinjayar ihun jama'a, har su kansu ba sa jin abin da suke rerawa, kuma a 1966 suka daina yawon wasa. A 1974 ƙungiyar Grateful Dead ta gina bangon lasifiku kimanin 600 a bayan dandamali, aka ware wa muryoyi nasu, aka ware wa kowane abin kiɗa nasa. Abin lura a nan shi ne, burin wannan ɗawainiya shi ne na can baya ya ji sauti garau kamar na gaba.

Inda Gizo ke Saƙa

A yawancin tarukanmu an ɗauki ƙarfin sauti a matsayin ma'aunin isa. Mai biki yana son unguwa ta san ya yi, mai hayar kaya yana son a ce nasa sun fi ƙara. Wannan ya haifar da illoli uku.

Ta farko ta shafi harshe. Baƙaƙe, waɗanda su ne ke rarrabe kalmomi, suna fitowa ne a sirin sauti, kuma ba su da ƙarfi kamar wasula. Idan aka cika kaurin ganguna, ko aka tura amfilifaya fiye da ƙarfinta har sauti ya fashe, su ne ke fara ɓacewa. Hausa kuwa harshe ne da ke bambanta kara da ƙara, da kafa da ƙafa, da bari da ɓari. Yana kuma dogara da tsawon wasali da karin sauti, kamar yadda ake bambanta gari na zama da gari na tuwo. Idan aka ƙara da eko mai yawa, wanda ke sa gaɓa ta hau kan 'yar'uwarta, sai habaici da zambo da kirari su koma gunji. Ɗalibin da ya taɓa naɗo waƙa a wurin biki domin kundin digiri, ya zauna zai rubuta ta, ya san wannan wahala.

Ta biyu ta shafi fasaha. Da yawa daga mawaƙan zamani sukan hau dandamali a saka musu waƙar da aka riga aka naɗa a situdiyo, su riƙe makirfo suna bi ko suna motsa baki. Ba a hana kiɗan fiyano ba, domin kowane zamani da kayan aikinsa. Matsalar ita ce faifai ba ya gani. Mamman Shata, wanda ya rasu a 1999, ya shahara da tsara waƙa nan take: ya hango mutum ya shigo, ya saka shi a waƙa, 'yan amshi su ɗauka. Wannan hulɗa tsakanin mawaƙi da taro ita ce ran waƙar baka. Inda faifai ke jan gaba, babu wurin sabon ɗa, babu aikin 'yan amshi, kuma mai sauraro ya koma ɗan kallo.

Ta uku ta shafi lafiya. A shekarar 2022 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da ƙa'idar wuraren taron kiɗa, inda ta ce matsakaicin ƙarfin sauti kada ya wuce desibel 100 idan aka auna shi a tsawon minti 15. Ƙwayoyin ji da ke cikin kunne idan suka mutu ba sa sake tsirowa. Yaran da ake bari suna rawa a bakin lasifika, da makaɗan da ke kwana a gabanta, su ne suka fi shiga haɗari. Mawaƙin da kunnensa ya raunana kuwa, da me zai kama kari?

Kammalawa

Laifin ba na ƙarfe ba ne, na mai riƙe da shi ne. Aikin da a da yake hannun makaɗi mai sassauta hannu, yanzu ya koma hannun wanda ke zaune gaban miksa, kuma sau da yawa ba ya cikin ƙungiya, wani lokaci ma ba ya jin harshen da ake waƙar da shi. Ya kamata kowace ƙungiya ta sami nata mai kula da sauti wanda ya san waƙoƙinta, a gwada kaya kafin jama'a su taru, a ɗora murya a kan kiɗa, a rage eko, a kuma rarraba lasifiku cikin fili maimakon tara su wuri ɗaya a ƙure. Gwajin mai sauƙi ne: mutum ya je sahun ƙarshe ya saurara. Idan zai iya maimaita ɗan waƙar da aka rera, sauti ya yi.

Ga mu manazarta kuma, lokaci ya yi da za mu sa na'ura cikin abubuwan da muke bayyanawa idan muna nazarin aiwatarwa: wa aka ba makirfo, wa aka hana, me aka ji, me ya ɓace. Waƙar da ba a ji kalmominta ba, ba za a haddace ta ba, kuma abin da ba a haddace ba ba ya zama gado.