Shiru Ma Magana Ce: Tarken Fim Ɗin '76

A ranar Juma'a, 13 ga Fabrairun 1976, sojoji ƙarƙashin Laftanar-Kanar Buka Suka Dimka suka harbe Shugaban Ƙasa Janar Murtala Muhammad a Legas. Kwana goma kafin nan ya ƙirƙiro Jihar Sakkwato, wadda Jega da Aliero da Maiyama suka kasance a cikinta har 1991. Saboda haka labarin da Izu Ojukwu ya gina fim ɗinsa na 2016 a kai ba baƙo ba ne ga dattawan wannan yanki.

A galibin finafinan binciken kisa, tambayar ita ce: wa ya kashe? A nan kuwa tarihi ya riga ya ba da amsa. Sai daraktan ya koma ga wata tambaya mai nauyi: mene ne hukuncin wanda ya ji ƙishin-ƙishin ɗin makirci, ya ƙi shiga, amma bai iya hana shi ba? Wannan shi ne halin Kyaftin Joseph Dewa, wanda Ramsey Nouah ya fito a matsayinsa. Amininsa ya jawo shi, ya ƙi. Da juyin mulkin ya ci tura, ƙin nasa bai wanke shi ba. A bariki, sani kansa laifi ne.

Ƙarfin fim ɗin yana wurin Suzy, matar Dewa mai juna biyu, wadda Rita Dominic ta fito a matsayinta. Ta hanyarta mai kallo yake ganin cewa hukuncin kotun soja ba ya tsayawa kan mai kaki, yana bin matarsa da jaririnsa har ɗaka.

Rauninsa kuwa yana ga zubi. An ja zaren rikicin aure da ƙiyayyar dangin Suzy har ya cinye lokacin da ya kamata a ba tuhuma da bincike. Shi kansa Murtala ya zama inuwa. Matashin da bai san shi ba sai a takardar naira ashirin zai tashi bai fahimci abin da ya sa ƙasa ta yi makokinsa ba.

Duk da haka fim ɗin ya cancanci nazari, domin ya nuna cewa inda bindiga ke mulki, mai gaskiya ma sai ya nemo shaida.