Masu Koya wa Na'ura Karatun Haske

A ɗakin gwajin masu aikin sadarwa ta haske akwai wani hoto da kowa yake zura wa ido, kamar yadda likita yake duba hoton ƙirji. Ɗigo 16 ne a kan allon kwamfuta, layi huɗu a tsaye, layi huɗu a kwance, a jere kamar gurabun dara. Kowane ɗigo harafi ne na wani irin rubutu da ake yi da hasken leza. Ana sauya ƙarfin hasken da lokacin da igiyarsa take tashi da faɗuwa, sai a sami yanayi 16 mabambanta, kowanne ɗauke da bit 4 (bit shi ne sifili ko ɗaya). A bakin na'urar aikawa ɗigon suna nan tsaf, kowa a gurbinsa. Bari hasken ya ci kilomita 2,000 a cikin zaren gilashi, sannan ka sake dubawa. Babu layi, babu gurbi, sai hazo guda kamar an watsa wa kaji tsaba. Aikin injiniya shi ne ya mayar da kowace ƙwaya gurbinta, sau biliyan 60 a daƙiƙa ɗaya, da wata 'yar na'ura da za ta shige aljihun riga. Wannan ita ce sana'ar da take burge ni, musamman yadda gwanayenta suka iya sa na'ura mai koyo ta taya su aiki ba tare da ta yaudare su ba.

Zaren da ake magana a kai, wanda masu aikin waya suke kira faiba, kaurinsa maikiron 125 ne, kusan silin gashi mai kauri. Hanyar da hasken yake bi a tsakiyarsa kuwa ba ta wuce maikiron 9 ba. A 1966 Charles Kao da George Hockham, suna aiki a Harlow ta Ingila, suka ce dattin da ke cikin gilashi ne yake cinye haske, in an tace shi za a iya aika saƙo da shi nesa. Burinsu a lokacin shi ne kashi 1 cikin 100 na hasken ya tsira bayan kilomita ɗaya. A 1970 kamfanin Corning na Amurka ya cim ma wannan buri, Kao kuma ya karɓi kyautar Nobel a 2009. Zaren yau yana tsirar da kusan kashi 95 cikin 100 a kowace kilomita. Duk da haka, bayan kilomita 80 abin da ya rage bai fi kashi 2 ko 3 ba, don haka ake dasa na'urar ƙara ƙarfi a kowane zango. Kowace na'ura tana farfaɗo da hasken, tana kuma zuba masa ɗan hayaniyarta. Wannan ce cuta ta farko, kuma ba ta da magani, sai dai a zauna da ita.

Cuta ta biyu warwatsuwa ce. Kowane harafin haske tarin launuka ne masu kusanci da juna, kodayake idon mutum ba ya ganinsu, kuma gudunsu a cikin gilashi ba ɗaya ba ne. Kamar ayari ne da ya bar gari a dunƙule. Kafin zango na uku masu ƙafa sun cim ma ayarin gaba, masu nauyin jiki kuma ayarin baya ya tarar da su. Bayan kilomita 2,000, harafi ɗaya yakan cakuɗe da ɗaruruwan maƙwabtansa. Abin da sauƙi a nan, domin ɓarnar tana bin ƙa'ida miƙaƙƙiya. Tun wajen 2008, da aka fara sayar da na'urorin karɓa masu auna ƙarfin haske da lokacin igiyarsa gaba ɗaya, lissafi yake tattaro ayarin nan cikin ruwan sanyi.

Ta uku ce mai taurin kai. Sunanta ya samo asali daga John Kerr, masanin Sikotilan da ya gano a 1875 cewa ƙarfin lantarki yana sauya yadda gilashi yake bi da haske. A cikin zare, hasken da kansa ne yake yin wannan aiki: idan ya yi ƙarfi sai ya sauya halin gilashin da yake bi, kamar babbar mota a hanyar yashi, wadda nauyinta yake ɓata hanyar a ƙarƙashin tayarta da ta masu tafiya kusa da ita. A kan allo kana ganin alamar. Ko an gama gyara warwatsuwa, ɗigon da ke gefe, masu ƙarfi, sai su lanƙwashe kamar jinjirin wata, na tsakiya kuma su ɗan natsu. Injiniya yana so ya ƙara wa haske ƙarfi don ya rinjayi hayaniya, amma da zarar ya wuce wani mizani sai kuskure ya ƙaru. Garin neman gira a rasa ido ke nan.

Magani a takarda ya daɗe da samuwa. A 2008 Ezra Ip da Joseph Kahn na Jami'ar Stanford suna cikin waɗanda suka bayyana shi dalla-dalla: tunda an san dokar da haske yake bi a cikin zare, sai a gina zaren ƙarya a cikin kwamfuta, mai hali kishiyar na gaskiya, a tura saƙon da ya iso ta cikinsa da baya da baya har ya koma yadda ya taso. Wahalar ita ce warwatsuwa da lanƙwasar Kerr a tare suke aukuwa, sun sarƙe da juna kamar kitso. Mai tsifa kuwa daga jelar kitso take farawa, ta zare wannan silin, ta zare wancan, a hankali har ta kai tushe. Haka lissafin yake: a yanka hanyar gunduwa-gunduwa, a kowace gunduwa a warware ɗan warwatsuwa, a miƙe ɗan lanƙwasa, a matsa gaba. Yana aiki, amma yawan lissafin ya fi ƙarfin 'yar na'urar da aka ƙayyade mata wutar da ba ta fi ta ƙwan fitila ba. Shekaru da dama dabarar masu bincike ita ce rage yawan matakai, a bar kaɗan masu nauyi.

A nan gwanintar da nake yabo ta bayyana. Lokacin da ƙirƙirarriyar basira ta fara tashe, da yawa sun ɗauko ragar lissafi irin wadda aka kwaikwayo daga jijiyoyin ƙwaƙwalwa, suka zuba mata gurɓataccen saƙo ta nan, suka nuna mata sahihin ta can, suka ce ta nemo hanya da kanta. Christian Häger, wanda yake Jami'ar Chalmers a Suwidin, da Henry Pfister na Jami'ar Duke a Amurka, sun tsaya sun kalli ƙirar abubuwan biyu. Ragar jijiyoyi hawa-hawa ce. A kowane hawa ana ninka lambobi a tara su, sannan a lanƙwasa sakamakon, sai hawa na gaba ya karɓa. Tsifar kitson haske ma haka take: mataki miƙaƙƙe, mataki lanƙwasasshe, a maimaita. Ashe ƙashin bayansu ɗaya ne. A ayyukan da suka fara wallafawa a 2018, sai suka gina ragar a kan siffar zaren kansa. Kowane hawa yana wakiltar wani yanki na hanya. Lanƙwasar da ke cikinsa ita ce ta Kerr, yadda kimiyya ta san ta. Lambobin farko ma ba cankarsu aka yi ba, daga dokar haske aka ɗauko su. Abin da aka bar wa na'ura ta koya shi ne gyaran waɗannan lambobi, dukkansu a lokaci guda.

Dubi abin da wannan ya haifar. A kowane mataki akwai wata rariya ta lissafi mai duba alamar da ke hannu tare da maƙwabtanta don warware warwatsuwa. Yawan maƙwabtan da take dubawa shi ne tsadarta. Da can, idan aka gajarta rariyar sai ta bar ɗan kuskure, kuma tunda rariya iri ɗaya ake maimaitawa a kowane mataki, kuskuren sai ya taru ya zama tsauni. Ma'auni ya san wannan: in mudunka ya gaza da cokali ɗaya, ka auna sau 25, ka ci mai saye cokali 25. Amma in mudu na farko ya ɗan gaza, na biyu ya ɗan zarce daidai gwargwado, buhu zai cika cif. Da aka horar da rariyoyin tare, abin da suka koya ke nan. Kowace ta fita da kamanninta, wata tana rufe giɓin wata. Masu binciken suka riƙa datse su sannu a hankali, a datse a sake horarwa, har suka nuna cewa a wasu yanayi lambobi 3 kacal sun ishi mataki ɗaya, kuma ingancin bai faɗi ba. Tsohuwar fahimta ta juye: ƙananan matakai masu yawa suna iya fin manya kaɗan arha. Sannu-sannu kwana nesa. Wani abin daɗi kuma, tunda kowane hawa yana da ma'ana a zahiri, injiniya yana iya buɗe ragar ya karanta abin da ta koya, ya gane dalili.

Rabin gwanintar ke nan. Ɗaya rabin shi ne rashin yarda da sakamako mai daɗin da ya wuce kima. A ɗakunan gwaji ba hirar mutane ake aikawa cikin zare ba. Akwai jerin sifili da ɗaya da ake amfani da shi shekara da shekaru, wanda a ido kamar babu tsari a cikinsa, alhali wata 'yar ƙa'ida ce take haifar da shi, kowane bit daga wasu da suka gabace shi. Wani gajeren irinsa yana maimaita kansa bayan bit 127, wani bayan 32,767. Tsofaffin na'urori ba su da wayon lura da haka, shi ya sa jerin bai cika zama matsala ba. A 2017 Tobias Eriksson da Henning Bülow da Andreas Leven na Nokia Bell Labs a Jamus suka nuna cewa ragar jijiyoyi tana gano ƙa'idar. Maimakon ta koyi gyara ɓarnar hanya, sai ta koyi cankar bit na gaba daga maƙwabtansa. A kan allo kuskure ya ragu ƙwarai, mai bincike ya yi murna, alhali ɗalibin amsoshin jarrabawar bara ya haddace. Ranar da aka kawo masa sabuwar tambaya sai ido ya raina fata. Tun daga nan duk mai mutunta aikinsa yake horar da raga da wani jeri, ya jarraba ta da wani dabam wanda ba su haɗa tushe ba, ya sauya ƙarfin haske, ya sauya tsawon zare, ya ga ko karatun nata na gaske ne. Ba a sanin maci tuwo sai miya ta ƙare.

Gwani ya san inda iyakarsa take. Hayaniyar na'urorin ƙara ƙarfi ba ta da ƙa'idar da za a koya. Zare ɗaya yakan ɗauki launuka 80 ko fiye, kowanne da saƙonsa, suna gogar juna a hanya, na'urar karɓa kuwa nata kawai take gani, don haka ɓarnar da maƙwabta suka yi mata ba ta iya tsefe ta duka. Ga kuma maganar wuta da zafi: dabarar da ta yi kyau a babbar kwamfuta sai ta shiga ƙwayar silikon ƙarama kafin ta zama kayan kasuwa. Saboda haka yawancin wannan aiki har yanzu a ɗakin gwaji yake, na'urorin da ke bakin aiki kuma sun fi dogara da tsohon lissafi. Ribar da ake nema ma a ido ƙarama ce: ɗan ƙarin nisa kafin a sabunta saƙo, ko ɗan ƙarin bit a kowane harafi.

Sai dai ƙaramar riba a wannan fage ba ƙarama ba ce. Wayar teku, da zarar an shimfiɗa ta, an gama. Ana tsara ta ne ta yi shekara 25 a ƙarƙashin ruwa, kuma ba mai nutsewa ya sauya mata gilashi. Abin da ake iya sauyawa shi ne na'urorin da ke bakin gaɓa biyu. Wayar MainOne da ta haɗa Fotugal da Legas a 2010, mai tsawon kusan kilomita 7,000, da Equiano ta Google da ta sauka Legas a 2022, duk ƙarin da za su samu nan gaba daga na'urorin bakin gaɓa da kaifin lissafinsu zai fito. Mutanen Afirka ta Yamma sun ɗanɗana darajar waɗannan wayoyi a ranar 14 ga Maris, 2024, lokacin da huɗu daga cikinsu suka lalace a gaɓar Kwaddibuwa, intanet ya yi ta jan ƙafa, harkar banki ta tsaya wa mutane da yawa. A irin wannan rana, kowane bit da sauran wayoyi za su iya ɗauka yana da mai jiransa.

Abin da ya sa nake jinjina wa masu wannan sana'a shi ne sun riƙe ilimi biyu, ba su bar ɗaya ya kori ɗaya ba. Abin da Kerr ya gano tun 1875 ba su sa na'ura ta sake nemo shi ba, sun ba ta shi kyauta, domin da tsohuwar zuma ake magani. Abin da ya gagari alƙalami, wato daidaita ɗaruruwan lambobi su rufa wa juna asiri, shi suka miƙa mata. Da ta kawo amsa kuma ba su tafa ba sai da suka sauya mata tambaya. Bayan duk wannan ne injiniya yake komawa gaban allo. Jinjirin watan da ke gefe ya miƙe, hazo ya janye, ɗigo 16 sun koma gurabunsu, kowanne da ɗan ƙurar da ba ta goguwa a kewayensa. Yakan san cewa wannan ƙurar hayaniya ce, rabon hanya, ya bar ta. Saƙon ya karantu.