Waƙar Fim Da Marubucinta Da Ba A Gani

Kwanan baya wani tsohon ɗalibina ya zo gaishe ni, muna cikin hira sai wata waƙar fim ta tashi a rediyon mai shayin ƙofar gidanmu. Yaron ya yi murmushi ya ce, "Malam, ai ni na rubuta ta." Na tambaye shi me ya samu. Ya ce an sallame shi sau ɗaya, tun ran da ya miƙa takardar, kuma ko sunansa bai fito a ƙarshen fim ɗin ba. Jama'a kuwa da sunan jarumin da ya motsa baki a kanta suke kiranta.

Tun daga Turmin Danya na 1990 aka fara wannan sana'a a Kano, amma sai da Sangaya ya fito 'yan kasuwa suka tabbatar cewa waƙa ce ke sayar da kaset. Daga nan aka juya tsarin aiki. Mai fiyano ya buga kiɗa, sannan a kira marubuci ya zuba kalmomi a kai, wani lokaci ma tun ba a gama rubuta labarin ba. Wanda ya san yadda Aƙilu Aliyu ko Mu'azu Haɗeja ke gina baiti, ma'ana a gaba kari yana bin ta, zai gane inda matsalar take. A nan na'ura ce ke yanka wa ɗango tsawonsa, abin da ya shiga shi ne daidai. Shi ya sa amsa-amon ba ya wuce "na" da "ta": zuciya, ƙauna, hawaye, a sake komowa kan zuciya. Ka ɗauke waƙar daga wannan fim ka liƙa ta a wancan, babu mai lura.

Ba na cikin masu cewa duk shirme ne. Salon nan na namiji ya faɗa mace ta mayar, wanda ake ta jingina wa Indiya, yana da dangi a waƙoƙin dandali da gaɗa, kuma akwai waɗanda suka iya shi ƙwarai, har ka ji habaici da karin magana sun zauna daram. Abin da nake cewa shi ne, yadda ake cinikin waƙar ne ke kashe ta. Mutumin da za a biya sau ɗaya, ba suna ba riba, me zai sa ya kwana uku yana gyaran baiti guda? Gara ya rubuta biyar a mako. Ni ma da a kan yawan takardun da na duba ake biyana, da ban tsaya karanta insha'in kowa ba.

Abin takaici, doka ba ta bar marubuci a banza ba, shi ne bai san ta ba. Dokar Haƙƙin Mallaka ta 2022, wadda aka sa wa hannu a Maris na 2023, ta ce haƙƙi na mawallafi ne tun farko sai dai in yarjejeniya ta faɗi akasin haka, kuma yana nan har shekara 70 bayan rasuwarsa. Ta kuma ce sayar da haƙƙi ɗungurungum, ko keɓe wa mutum ɗaya izinin amfani, ba ya tabbata sai a rubuce. Ambaton sunan mawallafi ma haƙƙinsa ne. To, a nan ya kamata 'yan'uwa su bambance sayarwa da haya. Kana iya ba furodusa izinin sa waƙarka a fim kaza, na shekara kaza, ka riƙe sauran: tashar talabijin, YouTube, talla, kiɗan kiran waya. Yanzu da kasuwar faifai ta mutu, shirye-shirye masu dogon zango suka karɓi fage a Arewa24 da intanet, waƙar buɗe shiri takan maimaitu kowane mako, ga shi cinikin bai canza ba.

Mun kwaikwayi Indiyawa a rawa da rausaya, amma mun bar abin da ya fi amfani. A 2012 majalisarsu ta gyara dokarta, bayan gwagwarmayar da marubucin waƙa Javed Akhtar ya jagoranta, ta yadda marubucin waƙar fim ba zai iya sarayar wa furodusa da kasonsa na kuɗin amfani da waƙar a wajen sinima ba, ko da ya so.

Ɗalibin nawa ya ce in ya nemi takarda, gobe wani za a kira. Gaskiya ne, kuma ban iya ba shi amsa ba. Sai dai ina ganin ƙungiyarmu, wadda ta saba kallon waɗannan yara kamar ba marubuta ba, tana iya buɗe musu ƙofa, ta sa lauya ya tsara musu takardar yarjejeniya mai shafi ɗaya da Hausa. Na ce masa ya kawo littafin waƙoƙinsa taro mai zuwa, a karanta su ba tare da fiyano ba.