Gilashin Ben Hogan

Fuskar sandar golf ba ta kai ko kashi ɗaya cikin dubu na daƙiƙa tana haɗe da ƙwallo. A wannan ɗan lokaci babu hannun da zai iya gyara komai. Magana ta riga ta ƙare tun sa'ad da aka ja sandar baya, aka ɗaga ta, aka juyo da ita. Shi ya sa gwanayen masu koyarwa suka fi zuba ido kan hanyar da sandar ke bi, kuma a ganina babu wanda ya yi wa wannan hanya hidima kamar Ben Hogan, mutumin jihar Teksas a Amurka.

Hogan bai samu abin a sama ba. Ya shiga sahun ƙwararru a 1930, amma sai a 1940 ya ci babbar gasa shi kaɗai. Ciwonsa ɗaya ne: ƙwallonsa takan fita ƙasa-ƙasa ta murɗe hagu da ƙarfi, ta faɗa cikin bishiyoyi. Sai ya tare a filin atisaye, yana bugu yana nazari, har tafin hannunsa ya yi kanta. A 1949 motarsa ta yi taho-mu-gama da wata bas, ƙashin ƙugunsa ya karye, aka yi tsammanin ko tafiya ba zai sake yi ba. Shekara na zagayowa ya ci gasar US Open a filin Merion. A 1953 ya haɗa manyan kofuna uku a shekara guda. Mutumin da ƙafafunsa ke kumbura kullum ba da ƙarfi ya yi wannan ba, sanda ce ya hore ta har ta san hanyarta.

A littafinsa na 1957, Five Lessons, ya kawo wani hoto da har yau ake koyarwa da shi. Ka ƙaddara wani faffaɗan gilashi ya taso daga inda ƙwallon take ya jingina a kafaɗunka, an huda masa inda kanka zai fito. Idan za ka ja sanda baya, hannuwanka da sandar su tafi a ƙarƙashinsa. Ka ɗaga su da yawa, ka fasa gilashi.

Yadda ake kiyaye shi ne ya fi burge ni. Mai bugu da dama (bahago sai ya juya lissafin) yakan fara da hannuwa da damatsa da kafaɗu tare, a dunƙule, ba da wuyan hannu ba. Kafaɗu su juya har baya ya fuskanci inda ake nufa, ƙugu ya tsaya a kusan rabin wannan juyi, gwiwar dama ta dage ba ta miƙe ba, hannun hagu kuma a miƙe amma ba a sandare ba. Wannan tazara tsakanin kafaɗa da ƙugu ita ke ɗaure jiki ta tara ƙarfi. Hogan yakan juya har haɓarsa ta gogi kafaɗarsa ta hagu, rigunansa na wasa ma a daidai wurin suke fara sulɓewa. Daga can sama kuma ƙugu ne ke fara komawa hagu, hannuwa su biyo, sai sandar ta ɗan kwanta ta sauko ta gefen jiki.

Sabon shiga yakan yi akasin haka. Ya ɗaga sanda tsaye kamar mai faskare, ya auko da kafaɗar dama, sandar ta zo daga waje ta yanki ƙwallon, ita kuma ta lanƙwashe dama ta bar fili. Yana ganin haka sai ya ƙara karkata hagu don ya rama, ciwon ya ƙaru.

Na'urar Trackman, wadda wani kamfanin Denmak ya ƙera, ta zo ta fayyace lissafin da ma'auni: inda fuskar sanda ke kallo shi ya fi nuna wa ƙwallo inda za ta fara nufa, bambancin da ke tsakanin fuskar da hanyar sanda kuma shi ke lanƙwasa ta. Saboda haka gyaran hanya ba ya tafiya sai da gyaran riƙo.

Kada a ɗauka dole kowa ya zama Hogan. Jim Furyk yana ɗaga sandarsa a wata irin murɗiya da ta saɓa wa duk abin da ke cikin littattafai, amma wajen saukowa sai ta faɗa daidai kan hanya. Da ita ya ci US Open a 2003, ya kuma gama rami 18 da bugu 58 a 2016.

Wanda ke son gwada kansa, a Kano ko Kaduna ko filin Rayfield na Jos, ya ajiye kwalin takalmi a gefen ƙwallon ta waje, tazarar yatsa biyu ko uku daga kan sandar, ya yi ta bugu a hankali da rabin ƙarfi. Idan sandar ta zo daga waje, kwalin za ta fara duka. Sannan ya duba kartar da sandar ta yi a ƙasa: idan ta nufi hagu sosai, ya koma ya gyara tun daga takin farko na jan sandar baya.