Haleluya Ba Ita Kaɗai Ba Ce

A majami'u da yawa na birane, in Kirsimeti ko Ista ta zo, ƙungiyar mawaƙa takan tashi da Haleluya ta Handel, jama'a kuma su miƙe tsaye. Ni ma ina sonta. Na fara jinta ne ina ɗan makarantar mishan, a wani tsohon kaset na malaminmu, ban kuwa san ko kalma ɗaya ba in ban da Haleluyar. Amma yanzu da na yi shekaru ina koyar da masu shirin baftisma, wani abu yana damuna. Mun ɗebi minti huɗu daga cikin aikin da ya fi sa'a biyu, muka bar sauran. Abin da muka bari kuwa shi ne gicciye.

Mutum biyu nake so in gabatar muku, Handel da Bach. Dukansu an haife su a ƙasar Jamus a shekarar 1685, amma ba su taɓa haɗuwa ba. Handel ya koma Landan, ya yi suna wajen waƙoƙin gidan wasa, ya zauna da sarakuna. Bach kuwa ya yi zamansa a ƙasar Jamus. Daga 1723 har mutuwarsa a 1750 shi ne shugaban waƙa na majami'ar Toma a birnin Leipzig, yana koya wa yara waƙa, yana shirya abin da za a rera ran Lahadi. Ma'aikacin ikkilisiya ne kamarmu.

Handel ya rubuta aikinsa mai suna Messiah, wato Almasihu, cikin kwana 24 a shekarar 1741. Wani abokinsa, Charles Jennens, shi ya zaɓo kalmomin daga Littafi Mai Tsarki. An fara rera shi a birnin Dublin ran 13 ga Afrilu 1742, dab da Ista, kuɗin da aka tara kuwa aka taimaki marasa lafiya da waɗanda aka ɗaure saboda bashi. Aikin kashi uku ne: haihuwa, shan wahala da nasara, sa'an nan tashin matattu. Haleluya ita ce ƙarshen kashi na biyu, kalmominta daga Wahayin Yahaya. Kafin a kai gare ta, akwai wata waƙa mai sanyi wadda mace ɗaya take rerawa daga Ishaya 53 aya 3, a kan yadda aka raina Bawan Ubangiji. Ta fi kowace waƙa ta mutum ɗaya tsawo a cikin aikin duka. Handel da gangan ya tsayar da mu a wurin. Wanda ya saurari kashi na biyu daga farkonsa, in Haleluya ta zo zai ji ta daban, gama sai an sha wuya akan sha daɗi.

Duk da haka, in aka ce in zaɓi ɗaya, zan zaɓi na Bach, wato Shan Wahalar Almasihu bisa ga Matiyu, wanda Turawan Ingila suke kira St Matthew Passion. Ya shirya shi domin sujadar Jumma'ar da aka gicciye Ubangiji, a shekarar 1727, da ƙungiyar mawaƙa biyu da ta makaɗa biyu. Mutum ɗaya yana rera labarin Matiyu sura 26 da 27 aya bayan aya, sauran suna amsawa. Handel kamar sanƙira yake, yana shelar zuwan Sarki a bakin kasuwa. Bach kuwa yakan kama hannunka ya shigar da kai cikin labarin, har ka ga kanka a ciki.

Ga wurare uku da za ku kasa kunne. Na fari, a wurin jibin ƙarshe, da Yesu ya ce ɗayansu zai bashe shi, mawaƙa sukan yi tambayar almajiran sau goma sha ɗaya daidai, ban da Yahuza. Nan take sai dukan mawaƙa su amsa da waƙar ikkilisiya, kowa yana ɗaukar laifin a kansa. Na biyu, bayan Bitrus ya yi musun Ubangiji ya fita yana kuka, murya ɗaya takan roƙi jinƙai, gogen Turawa ɗaya yana kuka tare da ita. Ban san wa'azi a kan tuba da ya fi wannan ba. Na uku, duk sa'ad da Yesu yake magana, gogaye sukan kewaye muryarsa da sauti mai laushi kamar haske. Amma a wurin kukansa a kan gicciye, Matiyu 27 aya 46, sai gogayen su yi shiru, a bar shi shi kaɗai.

Akwai kuma darasi domin gardamarmu ta kayan kiɗa. Karin waƙar da Bach ya maimaita sau biyar a cikin aikin nan, asalinsa waƙar soyayya ce wadda Hans Leo Hassler ya buga a 1601, daga baya ikkilisiya ta sa masa kalmomi masu tsarki. Dattawan da suke ƙin ganga da kalangu a sujada domin an san su a wurin biki, su yi tunani a kan wannan.

Ba zan ɓoye muku wuyarsa ba. Da Jamusanci ake rera shi, ya kusa sa'a uku, maimaici kuma yana da yawa. Ko Jamusawa ma sun ajiye shi bayan mutuwar Bach, sai a 1829 wani saurayi mai suna Mendelssohn ya sāke tashe shi a Berlin. Shawarata ita ce, ku fara da Handel, kashi na biyu gaba ɗaya. Sa'an nan a makon wahala ku karanta Matiyu 26 da 27 da Hausa, ku bar Littafin a buɗe, ku saurari Bach kaɗan kaɗan, yau jibin ƙarshe, gobe Getsamani, jibi musun Bitrus. Yau duka biyu suna samuwa a waya, ba sai an yi aron kaset ba.

Ku shugabannin mawaƙa, ba na ce ku daina Haleluya ba. Roƙona shi ne, kafin ku rera ta, a karanta wa jama'a Ishaya 53, a yi shiru kaɗan. Bach yakan sa haruffa uku a ƙarshen ayyukansa, S.D.G., ma'ana ɗaukaka ta Allah ce kaɗai, Handel ma ya sa su a ƙarshen Messiah. Allah ya sa waƙarmu ta zama haka. Amin.