Shagon Gilashi Ba Shi Ne Ma'aunin Tashin Maraɗi Ba

Tun bikin Maradi Kolliya na 18 ga Disamban 2015, da aka gyara tituna aka kafa fitilu, fuskar tsakiyar Maraɗi take sauyawa. Butik mai ƙofar gilashi, kantin kayan abinci mai jerin firji, gidan shan kofi da lemo mai na'urar sanyaya ɗaki inda ɗaliban Jami'ar Dan Dicko Dankoulodo ke zama da wayoyinsu, duk sun samu gindin zama. Salon rassa ma ya iso, allo ɗaya da fenti ɗaya a kowace unguwa, kamar yadda ake gani a wuraren aika kuɗi na Nita da Amana da Al Izza. A Amurka, idan gidan shan kofi na Starbucks, wanda ya fara a Seattle a 1971, ya buɗe reshe a tsohuwar unguwa, sai a ce unguwar ta farfaɗo. Wannan ma'aunin ne ke shiga kawunanmu, ni kuwa ina ganin bai dace da Maraɗi ba, kuma zai yi ɓarna ranar da aka ɗauke shi hujjar korar masu tebura daga bakin titi.

Arzikin garin nan daga ƙasa ya taso. Bayan ambaliyar Gulbi ta 1945 aka dawo da gari kan tudu, gyaɗa ta raya sabuwar kasuwa, da fari na shekarun 1970 ya karya gyaɗar kuma fatauci da Najeriya ta hanyar Dan Issa da Jibiya ya maye gurbinta. Alhazan Maraɗi da Emmanuel Grégoire ya yi littafi a kansu a 1986, da yawansu yaran kasuwa ne da suka fara da ƙaramin jari a ƙarƙashin wani ubangida. Matakin farko na wannan hawa har yau yana nan, shi ne teburin mai shayi. Kafin a idar da sallar asuba ya hura gawayi, ya jera gwangwanayen madara da Nescafé, ya tsaga burodi ya shafa masa mai, yana soya ƙwai da hannu ɗaya yana sheƙa shayi daga kofi zuwa kofi don ya huce. Ɗan kabu-kabu da ɗan dako da ma'aikacin gwamnati benci ɗaya suke zama, wanda aljihunsa ya bushe a rubuta masa bashi zuwa ƙarshen wata. A nan ake jin yadda naira ta kwana da sefa, a nan dillali ke samun labarin motar da ta shigo. Shagon da kofinsa ya fi ƙarfin mai dako ba zai iya wannan aikin ba, komai kyan kujerunsa.

Wani zai ce ai kayan mai shayin ma daga waje suke zuwa, sukari da madara da ganyen duka. Gaskiya ne. Amma ribarsa a gari take kwana: mai gidan burodi, mai ƙwai, mai gawayi, ɗan garuwa da yaron da ke wanke kofuna duk suna ci daga tebur ɗaya. Je ka duba kantar sabon kanti kuwa, biskit ne da lemon kwali da taliya, kusan duk sai sun tsallako iyaka. Zogalen da ake nomawa a fadamar Jiratawa, kusa da gari, da kayan gonar ƙauyukan Tibiri, a kan tire da buhu ake sayar da su, da wuya su hau kanta cikin leda mai suna. Kantin da ya dogara da iyaka da lantarki kuwa mun ga rauninsa. Najeriya ta rufe iyaka daga Agustan 2019 zuwa Disamban 2020, aka sake rufewa bayan juyin mulkin Yulin 2023, har da yanke wutar da ke zuwa daga can. Ko a Kano, da yawan jama'arta, babban kantin Shoprite da aka buɗe a 2014 ya rufe a Janairun 2024, kasuwannin Kantin Kwari da Kurmi kuwa suna nan suna ci.

Hujjar da ta fi ƙarfi a ɓangaren sababbin wuraren ita ce ta mata, kuma ban raina ta ba. Bencin mai shayi da fadar samari wuraren maza ne. Ɗaliba ko ma'aikaciya ba ta da inda za ta zauna ta huta cikin mutunci a tsakiyar gari sai irin waɗannan shaguna. Wannan kaɗai ya isa a yi maraba da su. Haka batun tsabta da cunkoso: kofin da aka ɗauraye a ruwan bokiti ɗaya tun safe abin gyara ne, teburin da ya tare hanya ma haka. Sai dai maganinsu famfo ne da rumfa da wurin da aka shata, ba katafila ba. Rushe rumfunan bakin titi da aka yi a Yamai a 2016 ya buɗe hanyoyi, amma ya raba mutane masu yawa da abincinsu.

Layin dogo na Kano zuwa Maraɗi, da aka aza harsashinsa a Fabrairun 2021, in ya kammala zai ɗaga kuɗin haya a tsakiyar gari, masu babban jari kuma za su rigayi kowa. Tun kafin lokacin ya kamata ofishin magajin gari ya ware wa masu shayi da masu tebura wurare da takarda, su biya haraji su san ba za a tashe su dare ɗaya ba. Masu sababbin kantuna kuma su ƙulla ciniki da ƙungiyoyin manoman Jiratawa da matan da ke sarrafa gyaɗa, a ga garin zogale da man gyaɗa da ƙuli-ƙuli a kanta ɗaya da biskit.